Lissafin Saƙa: Takarda Ba Ta San Hannunki Ba

Da zarar damina ta ɗauke, aka gama girbi, iska ta fara kaɗowa daga gabas, sai ka ga mata masu saƙa sun fito da tsinkayensu da dunƙulen ulu. Sun san abin da ke tafe. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu ɗari ba ya raga wa kowa a Damagaram, Maraɗi ko Tawa, balle Agadas da Bilma, inda wani daren sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10. A lokacin ne kowace uwa take neman rigar sanyi da hula da safa don yaronta, a lokacin ne kuma mai saƙa take samun ciniki.

Amma akwai wani abin takaici da kusan duk mai saƙa ta taɓa gamuwa da shi. Za ta sami takarda mai hoton riga kyakkyawa, wadda aka yago daga wata mujallar Faransa ko ta Ingila, ko kuwa ta gani a waya. Takarda ta ce a ɗora ido 110, ta ɗora 110. Ta ce a yi layi 90, ta yi 90. Ta kwashe sati uku tana aiki. Ranar gwaji sai riga ta zama buhu, ko kuma ta ƙi shiga sam. Mai riga ta ɓata rai, ta ce ba haka suka yi ba. Kuɗin ulu ya tafi, kwanaki sun tafi, wani lokaci har zumunci ya taɓu. Sai a zauna warwara, ana zargin takarda.

Alhali kuwa takarda ba ta yi ƙarya ba. Wadda ta rubuta ta da hannunta ta auna, da ulunta, da tsinkenta, kuma don jikin wani mutum dabam. Abin da zai daidaita tsakaninki da ita shi ne lissafi, ba kuwa na manyan makarantu ba. Duk macen da ta san cewa idan goro 10 dala 50 ne, to goro 30 dala 150 ne, ta riga ta iya lissafin da muke magana.

Kafin mu yi nisa, ga kalmomi biyu da za mu yi ta amfani da su. Ido shi ne zagayen ulu guda ɗaya da ke rataye a tsinke. Layi kuwa shi ne idan kin saƙe dukan idanun daga wannan gefe zuwa wancan. Yawan ido shi ke ba da faɗi, yawan layi shi ke ba da tsawo.

Ƙyallen gwaji

A kowace takardar saƙa ta kirki akwai wani ɗan rubutu da mata da yawa suke tsallakewa don ɗokin fara aiki. A takardar Faransanci za ki ga an sa 10 x 10 cm = 22 m. da 30 rgs. A ta Ingilishi kuma 22 sts da 30 rows. Ma'anarsa ɗaya ce: a hannun mai takarda, ido 22 ne suka cika faɗin santimita 10, layi 30 kuma suka cika tsawon santimita 10. Duk sauran lambobin takardar a kan wannan aka gina su.

To, ke fa, ido nawa ne a naki hannun? Ba wanda zai gaya miki sai gwaji. Wata tana matse ulu, wata tana sassautawa. Ƴan uwa biyu ciki ɗaya, da ulu ɗaya da tsinke ɗaya, sai kowacce ta fitar da nata awo.

Ki ɗora ido kamar 30, ki saƙa tsawon santimita 15 da irin saƙar da za ki yi wa rigar, ki rufe. Sa'an nan ki wanke ƙyallen yadda za a riƙa wanke rigar, ki shimfiɗa shi ya bushe, kada ki ja shi. Wankin yana da dalili. Zaren auduga yakan saki bayan wanki, ulun gashin tumaki yakan tsuke idan ya sha ruwan zafi da cuɗa, na roba kuwa, wanda ya fi yawa a kasuwanninmu, ba ya son dutsen guga mai zafi. Idan ya bushe, ki ɗora tef ɗin awo irin na tela a tsakiyarsa, don gefuna sukan naɗe su ruɗe ki. Ki soka allura a sifiri, ki soka wata a 10, ki ƙirga idanun da ke tsakani, har rabin ido kada ki yafe. Ki juya tef ki ƙirga layuka haka nan. Ki rubuta.

Wata za ta ce ido biyu kacal mene ne abin damuwa. Bari mu gani. Ido 110 a hannun mai takarda, mai ido 22, faɗin santimita 50 ne. Idan naki hannun yana ba da ido 20, waɗannan 110 za su ba ki santimita 55. Gaba da baya sun zama 110 maimakon 100, watau riga ta ƙaru da santimita 10. Idan kuwa kina matsewa har kina samun ido 24, gaban riga ba zai kai santimita 46 ba, riga ta rasa wajen santimita 8 a zagaye. Ga buhun nan, ga kuma rigar da ta ƙi shiga. Aikin awa guda na ƙyalle shi ke tsare aikin sati uku.

Ƙa'idar da ta tara komai

Idan bambancin kaɗan ne, ki sake tsinke: mai kauri yana rage yawan ido, siriri yana ƙarawa. Idan kuwa ulunki ne ya bambanta da na takarda, kuma kina son yadda ƙyallenki ya fito, to ki bar tsinke ki gyara lamba.

Ga ƙa'idar. Ki ɗauki lambar takarda, ki ninka ta da idon hannunki, ki raba da idon takarda. Takarda ta ce 110, hannunki 20, nata 22. Ke nan 110 sau 20 ya ba da 2200, a raba da 22, ya zama 100. Ido 100 za ki ɗora. Haka za ki bi duk lambar da ta shafi faɗi. Inda ta ce a rufe ido 22 a wuya, ke 20 za ki rufe. Inda ta ce 33 a kafaɗa, ke 30.

Layuka ma haka, sai dai da lambar layi. Takarda ta ce layi 90 a kan awon 30, ke kuwa 28 kike samu. To 90 sau 28, a raba da 30, ya ba da 84. Idan takarda ta faɗi tsawo da santimita, hutu ya samu, tef kawai za ki bi.

Ki zauna da fensir ki gyara lambobin takarda duka kafin ki ɗora ido ko ɗaya. Gyara a tsakiyar aiki shi ke kawo mantuwa, a wayi gari gaba ya fi baya faɗi.

Idan girman ne bai dace ba

Sau da yawa takarda ta babba ce, ke kuwa yaro za ki yi wa, ko kuma babu takarda ma sam. A nan jikin mai riga shi ne takardarki.

Mu ɗauki yaro wanda zagayen ƙirjinsa ya ba da santimita 56. Ba a saƙa riga cif da jiki, don za a sa ta bisa wata rigar, kuma yaro yana bukatar motsi. Ki ƙara santimita 6, ya zama 62. Hannunki yana ba da ido 20 a santimita 10. Ke nan 62 sau 20, a raba da 10, ido 124 ne zagayen riga. Gaba 62, baya 62. Ki ƙara wa kowanne ido 2, ɗaya a kowane gefe, waɗanda ɗinki zai cinye. Ya zama 64.

Bakin riga na ƙasa, wanda ake yi biyu gaba biyu baya don ya kama ƙugu, ana rage masa kamar kashi ɗaya cikin goma, kuma dole lambarsa ta rabu da 4. Ido 56 ya dace. Da kin gama baki za ki koma 64, watau ƙarin ido 8. Kada ki jibge su wuri ɗaya. Ki raba 56 da 8, ya ba da 7: bayan kowane ido 7 ki ƙara ɗaya, har ƙarshen layi.

Idan rigar tana da ado mai maimaituwa, sai lamba ta yi masa biyayya. A ce adon yana cin ido 6 kafin ya sake dawowa. Ido 62 ba ya rabuwa da 6. Na kusa da shi su ne 60 da 66, watau faɗin santimita 30 ko 33. Ga babban mutum ki zaɓi wanda ya fi kusa. Ga yaro kuwa ki ɗauki babban, don kafin ɗarin baɗi ya cika ta. Idan kin ƙi wannan gyara, adon zai yanke a rabi wajen ɗinki, ko daga nesa a gani.

Hannun riga

Nan ne mata da yawa suke karaya, don hannu ba faɗi ɗaya ba ne, yana buɗewa daga wuyan hannu zuwa hammata. Tambayoyi uku ne kawai: ido nawa a ƙasa, ido nawa a sama, layi nawa ne tsakani.

Ga yaron namu, a ce wuyan hannun riga santimita 14 ne, ido 28 ke nan. Wajen damtse santimita 24, ido 48. Bambanci 20. Da yake ana ƙara ido biyu a lokaci guda, ɗaya a dama ɗaya a hagu, sau 10 za ki yi ƙari. Tsawon hannu daga ƙarshen baki zuwa hammata santimita 25 ne, a awon layi 28 ya ba da layi 70. Ki raba 70 da 10, ya zama 7. Kina iya ƙari a kowane layi na 7, amma ya fi sauƙi ki mai da shi 6, don ƙarin ya riƙa faɗowa kullum a fuskar saƙa ta waje. Layi 60 za su ƙare ƙarin, 10 da suka rage ki saƙe su haka nan. Ki rubuta abin da kika yi a hannun farko, ki bi shi a na biyu. Riga mai hannu ɗaya dogo ɗaya gajere ba ta da mai saye.

Dabarar wata gwana

Akwai wata shahararriyar mai saƙa da ake kira Elizabeth Zimmermann. An haife ta a Ingila a 1910, ta koma Amurka a 1937, ta zauna a jihar Wisconsin, ta rasu a 1999. Littafinta na farko ya fito a 1971. Ta yi suna wajen koya wa mata su daina bin takarda ido rufe. Ta lura cewa sassan rigar sanyi suna da kaso sananne a kan zagayen ƙirji, saboda haka da kin san lamba ɗaya, sauran sai su fito da kansu.

Lambar ita ce idon zagayen riga, a ɗauke ta a matsayin 100 bisa 100. Bakin ƙasa kashi 90 ne. Wuyan hannu kashi 20. Damtse kashi 33, ko da yake masu saƙa na baya sukan kai shi 35 zuwa 40 don hannu ya sake. Idanun da ake warewa a hammata kashi 8. Wuya kashi 40. Idan zagayen rigar babba ido 200 ne, baki 180 ke nan, wuyan hannu 40, damtse 66, hammata 16, wuya 80. Ta tsara wannan ne don rigar da ake saƙawa zagaye babu ɗinki, amma ko mai saƙa da tsinke biyu za ta amfana, don zai nuna mata ko lambobinta sun kauce hanya.

Kan jariri ya fi ƙirjinsa

Sai dai a yi hattara, wannan kaso na jikin manya ne. Yaro ba ƙaramin babba ba ne. Ranar haihuwa zagayen kan jariri ya ɗara na ƙirjinsa, sai wajen shekara guda ƙirji yake kamo shi. Bisa ma'aunin girman yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, kan jariri sabon haihuwa kimanin santimita 34 zuwa 35 ne, a shekara guda kuma 45 zuwa 46. Wadda ta rage rigar babba da lissafi kawai, ta rage wuya daidai da sauran, za ta ga jiki ya yi amma kai ya ƙi wucewa. Ba kuwa a tura kan jariri da ƙarfi.

Maganin abu biyu ne. Ki bar buɗi a kafaɗa ko a baya, ki sa maɓallai, ki ɗinke su da ƙarfi yadda yaro ba zai cire ya kai baki ba. Sa'an nan wajen rufe idanun wuya ki sassauta hannu, ko ki ɗauki tsinke mafi kauri, don layin rufi shi ne ba ya jawuwa. Kafin ki ɗinke, ki ja wuyan da hannu biyu ki auna, ki tabbata ya kai zagayen kan yaron. Kada kuma ki sa igiyar ɗauri a wuyan rigar jariri.

Hula ita ce kishiyar riga: ita ana rage mata ne, don ta kama kai. Ki ɗebe kamar kashi ɗaya cikin goma. Kai mai santimita 35 yana son hula mai 32, ido 64 ke nan a awonmu. Lambar ta yi daɗi, don tana rabuwa da 8. Idan kin zo tsakiyar kai sai ki kasa ta gida 8, kowane gida ido 8, ki riƙa haɗe ido biyu a ƙarshen kowane gida, layi ɗaya ki rage, layi ɗaya ki wuce, har saura ido 8, ki zura ulu ki tsuke.

Ulu nawa za ki saya

A nan ma ido yana ruɗi. Riga ba faɗi kaɗai gare ta ba, tana da tsawo. Idan kin ƙara kashi ɗaya cikin goma a faɗi, kin ƙara haka a tsawo, ulun da za ta ci zai ƙaru da wajen kashi ɗaya cikin biyar. Inda takarda ta ce dunƙule 5, ke 6 za ki nema. Wadda ta ninka faɗin bargon jariri biyu, ta ninka tsawonsa biyu, ulu ninki huɗu za ta saya.

Kada kuma ki dogara da nauyi kawai. Dunƙule biyu kowanne giram 50, amma ɗaya mita 125 ɗaya mita 90. Idan takarda ta nemi 5 masu mita 125, mita 625 ke nan. A raba da 90, sai kin sayi 7. Ki karanta takardar da ke naɗe da dunƙule, tsawon yana jiki. A nan ne kuma za ki ga lambar rini. Ki sayi ulunki duka rana ɗaya, mai lamba ɗaya, don launi ɗaya da aka rina a tukunya biyu ba ya cika zama daidai, kuma a rana bambancin yake fitowa.

Wadda ta warware tsohuwar suwaita ta gwanjo ba ta da wannan takarda. Ita sai ta fara da bayan riga, ta ga abin da ya ci. Gaba zai ci kusan haka, hannuwa biyu a haɗe su ma kusan haka. Idan baya ya cinye rabin ulun, ta tsaya tun da wuri, ta gajarta hannu ko ta nemo wani launi ta yi ratsi.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi

Saura gargaɗi ɗaya, musamman gare mu da takardu suke zo mana ta ɓangaren Faransanci da na Ingilishi duka. Lambar tsinke ba ɗaya ba ce a ko'ina. A Faransa lambar ita ce kaurin tsinke da milimita, lamba 8 milimita 8 ne. A tsohon tsarin Ingila, wanda har yanzu ake gani a tsofaffin takardu da tsinkaye, lamba 8 milimita 4 ne, kuma duk sa'ad da lamba ta ƙaru tsinke sirancewa yake. A Amurka lamba 8 milimita 5 ne. Ki nemi milimita, shi ne ba ya canjawa. Haka kuma takardun Amurka da tsofaffin na Ingila da inci suke awo. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, inci 4 kuma sun ɗara santimita 10 da ƙiris kawai. Ƙirji mai inci 22 shi ne santimita 56 ɗin nan na yaronmu.

Duk abin da muka faɗa ya shafi mai kwarashi da mai injin saƙa, don su ma da ido da layi suke aiki.

A ƙarshe, ƴar'uwa, ki sayi ɗan littafi irin na ƴan lakkol. Duk rigar da kika yi, ki rubuta sunan ulu, lambar tsinke, ido da layi na santimita 10, awon mai riga, da dunƙule nawa ta ci. Ki liƙa guntun ulun a shafin. Bayan ɗari biyu ko uku za ki ga kin daina neman takardar kowa. Idan mai ciniki ta zo da ɗanta, tef za ki ɗauka da fensir, ki gaya mata ulu kaza zai ci, kuɗi kaza ne, kafin ki karɓi kafin alƙalami. Ba za ki cika daga aljihunki ba, ba kuma za ki koma roƙonta ƙari a tsakiyar aiki ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun iska ba ta juya ba, ki fito da ulun da kika ajiye, ki ɗora ido 30, ki ga abin da hannunki zai ce. Allah ya ba da sa'a.